Yadda Ake Tsara Ziyarar Disney World Bisa Bukukuwan Shekara da Abincinsu

Wanda ya shiga Walt Disney World a watan Fabrairu da wanda ya shiga a watan Disamba za su iya hawa kayan wasa iri ɗaya, su bi tituna iri ɗaya, amma idan suka zauna ba da labari sai a ɗauka ba wuri ɗaya suka je ba, domin ado da kiɗa da faretin dare, har ma da abin da ake sayarwa a rumfunan abinci, duk suna sauyawa da sauyawar wata. Saboda haka tambayar farko da ya kamata mai shirin kai iyalinsa wannan wuri, da ke kusa da birnin Orlando a jihar Florida ta Amurka, ya yi wa kansa ita ce wane biki yake so ya tarar. Daga amsar wannan tambaya ne ranar tafiya da irin tikitin da za a saya da yawan guzurin da za a riƙe za su fito, kuma wanda ya sayi tikitin jirgi kafin ya amsa ta yakan iske bikin da yake ɗoki an rufe shi da mako guda, ko kuma bai fara ba tukuna.

Wurin ya ƙunshi manyan filayen shaƙatawa guda huɗu. An buɗe Magic Kingdom ranar 1 ga Oktoba 1971, aka buɗe EPCOT ranar 1 ga Oktoba 1982, sannan Hollywood Studios a 1989 da Animal Kingdom a 1998. Kowanne yana da ƙofarsa da tikitinsa, kuma tsakaninsu akwai tazarar da galibi sai an hau mota ko jirgin ruwa ko jirgin ƙasa. Duk huɗun suna yin ado a lokacin bukukuwa, amma a filaye biyu na farko ne ainihin al'amarin yake.

Ku fara rarrabe bukukuwan gida biyu

Akwai bukukuwan da ke cikin tikitin yini na yau da kullum, akwai kuma waɗanda ake saya wa tikiti na dabam. Rashin fahimtar wannan bambanci shi ne kuskuren da ya fi cin kuɗin baƙi.

Kashi na farko su ne bukukuwa huɗu na EPCOT. Shekara takan buɗe da bikin fasaha da zane-zane, wanda aka fara a 2017, daga tsakiyar Janairu zuwa ƙarshen Fabrairu. Sai bikin furanni da lambuna, wanda ya samo asali a 1994, daga farkon Maris zuwa wajajen farkon Yuni, lokacin da ake gyara shuke-shuke a fitar da surorin dabbobi da na taurarin zanen Disney. Na uku shi ne babbansu, wato bikin abinci na ƙasa da ƙasa da ake kira Food & Wine Festival, wanda aka fara a 1996, kuma a shekarun baya-bayan nan yakan kama daga ƙarshen Agusta zuwa cikin Nuwamba. Na ƙarshe shi ne bikin ƙarshen shekara, daga ƙarshen Nuwamba zuwa gab da sabuwar shekara. Duk wanda ke da tikitin shiga EPCOT ya shiga bikin ke nan, abincin da zai ci kawai zai biya. Ranakun farawa da rufewa suna ɗan motsawa kowace shekara, don haka a duba sanarwar kamfanin kafin a tsayar da rana.

Kashi na biyu su ne dararen musamman na Magic Kingdom. Akwai daren Halowin, bikin da ake yin shigar ban tsoro ana raba wa yara alawa, mai suna Mickey's Not-So-Scary Halloween Party, wanda aka fara a 1995, kuma duk da cewa ranar Halowin ɗin 31 ga Oktoba ce, tun cikin Agusta ake soma shi a wasu zaɓaɓɓun darare. Akwai kuma daren Kirsimeti mai suna Mickey's Very Merry Christmas Party, wanda ya girme shi, domin tun 1983 ake yin sa, daga farkon Nuwamba zuwa 'yan kwanaki kafin Kirsimeti. A ranar da za a yi ɗaya daga cikinsu, ana rufe filin ga masu tikitin yini da ƙarfe 6 na yamma, a fara bikin da ƙarfe 7, a tashi da ƙarfe 12 na dare. Mai tikitin yini da bai san da haka ba zai ga ma'aikata suna duba hannayen mutane, duk wanda ba shi da abin ɗaurawar da ake bai wa masu bikin sai a nuna masa hanyar fita cikin ladabi, bai ga wasan wutar da ya zo dominsa ba.

Yadda ake cin abinci a bukukuwan EPCOT

Rabin EPCOT na baya wani babban tafki ne da aka kewaye da unguwanni goma sha ɗaya, kowace tana wakiltar ƙasa guda: Meziko, Norway, Sin, Jamus, Italiya, Amurka, Japan, Maroko, Faransa, Birtaniya da Kanada. Zagaye tafkin tafiya ce ta kusan kilomita 2. A lokacin biki ana kakkafa ƙananan rumfuna a gefen hanyar, har da na ƙasashen da ba su da unguwa a wurin, irin su Brazil da Girka, sai wurin ya koma tamkar kasuwar baje koli wadda hajarta duka abinci ce. Kowace rumfa tana sayar da abinci kala biyu ko uku a ƙananan faranti, kuma galibin farashin yana tsakanin dala 5 zuwa 10.

Wannan ƙanƙantar farantin ita ke yaudarar mutane. Abin da ke ciki bai wuce loma huɗu ko biyar ba, mutum sai ya ga ai dala 7 ba komai ba ce, ya saya a nan, ya saya a can, kafin ya zagaye tafkin ya kashe abin da ya fi kuɗin zama a gidan abinci mai kyau, kuma bai ƙoshi ba. Dabarar da ta fi aiki ita ce ku karɓi ɗan littafin bikin da ake bayarwa kyauta a ƙofar shiga, wanda ke ɗauke da jerin rumfuna da abin da kowace take sayarwa, ku zauna a inuwa ku yi wa waɗanda kuke so alama kafin ku sayi komai. Sannan ku sayi faranti ɗaya na kowane abu ku raba tsakaninku, wanda ya yi muku daɗi ku ƙara. Masu son kame hannunsu sukan sayi katin kyauta na Disney su zuba masa adadin da suka ware, idan ya ƙare cin ya ƙare.

Lokacin zuwa ma yana da muhimmanci. Rumfunan sukan buɗe da misalin ƙarfe 11 na safe, kuma daga nan zuwa ƙarfe 2 na rana a ranakun aiki layi gajere ne. Daren Juma'a da na Asabar kuwa mazauna yankin ne suke cika wurin, da yawansu don shan barasa suka zo daga wannan unguwa zuwa waccan, kuma a ra'ayina ba lokacin da ya dace a kai ƙananan yara ba ne. Haka nan ranar farko ta kowane biki takan cika maƙil da masu ɗaukar hoto da masu tara kayan tarihi. A watan Janairun 2022, ranar buɗe bikin fasaha, mutane sun shafe awa shida ko fiye a layi domin sayen wani bokitin gugguru mai siffar wani ɗan dodon zanen Disney mai suna Figment, wanda kuɗinsa dala 25 ne. Wanda ya tsallako teku da iyalinsa ba shi da irin wannan lokacin na ɓatawa.

Daga cikin abin da ya cancanci nema akwai burodin cuku na rumfar Brazil, wanda ake yi da garin rogo, yana da ɓawo a waje da danƙo a ciki, kuma da zafinsa ake cin sa, domin da ya huce ya yi tauri. A unguwar Norway akwai gidan burodi da ke sayar da wani burodi mai zaƙi da ake kira School Bread, cikinsa kastad, samansa kwakwa, kuma ana samun sa duk shekara. A unguwar Jamus ƙamshin gugguru mai narkakken sukari da man shanu yakan tari mutum tun daga nesa. A bikin ƙarshen shekara kuma akwai wani wasa na biskit: a sayi biskit biyar daga rumfunan da aka ayyana, a kowace a buga wa ɗan littafin hatimi, idan sun cika a karɓi tukwici kyauta. Yara suna jin daɗinsa ƙwarai, kuma yana sa su tafiya ba tare da ƙorafi ba.

Batun halal

Nan ne Musulmi mai ziyara yake buƙatar buɗe ido, domin sunan abinci a kan allo ba ya faɗin duk abin da ke cikin tukunya. Misali mafi bayyana shi ne miyar cuku ta Kanada, wadda tana cikin abincin da ya fi suna a bikin. Wanda ya karanta sunan zai ɗauka cuku ne da madara kawai, alhali ana dafa ta da naman alade mai gishiri da kuma giya. Taliyar da rumfar Jamus ta shahara da ita tana da naman alade a ciki, haka ma ɗan burodin nama na rumfar Hawaii. Soyayyen kifi irin na Ingila sau da yawa da giya ake kwaɓa ƙullin da ake tsoma shi, miyar da ake zuba wa nama a girkin Faransa da Italiya takan ƙunshi ruwan inabi mai sa maye, kuma wasu kayan zaƙi ana jiƙa su da barasa. Alawa mai taushi da danƙo kuwa yawanci da jelatin ake yin ta, wato sinadarin da ke sa ta danƙo, wanda a Amurka galibi daga alade ake samo shi.

Hausawa sun ce matambayi ba ya ɓata, kuma a wannan wuri tambaya ba abin kunya ba ce, domin an horar da ma'aikata su amsa tambayoyin masu larurar abinci. A kowace rumfa da kowane gidan abinci za ku iya neman a nuna muku jerin kayan haɗi, ko a kira shugaban masu girki. Ku yi tambayar dalla-dalla: akwai alade ko kitsensa a ciki, an dafa da barasa, akwai jelatin, kuma a mai ɗaya ake soya shi da wani naman? Idan kun ce kawai "halal ne?", mai yiwuwa wanda ke bayan kanta bai san iyakar abin da kalmar ta ƙunsa ba.

Hanya mafi sauƙi ita ce bin alamar ganye. Tun 2019 Disney ke sanya hoton ɗan ganye a gaban duk abincin da babu nama ko kifi ko madara ko ƙwai a cikinsa, kuma a kowane biki akan samu irinsa a rumfuna da dama. Alamar ba ta ce komai game da barasa ba, don haka wannan tambayar tana nan. Wanda yake son nama yankan Musulunci sai ya nema tun lokacin da yake kama gurbi a gidajen abinci na zama, waɗanda ake buɗe rajistarsu kwana 60 kafin ranar, ya rubuta buƙatarsa a wurin da aka tanada, sannan ya sake tunatarwa da ya isa. A rumfunan gefen hanya ba a yin wannan tanadi.

Kada kuma unguwar Maroko ta ruɗe ku. Wuri ne mai kyan gaske, an buɗe shi a 1984, kuma Sarki Hassan na Biyu ne ya aiko da magina da masu zane daga ƙasarsa suka yi aikin tayil da sassaƙa. Hasumiyar da ke tsaye a wurin kwaikwayon hasumiyar Kutubiyya ce ta birnin Marrakesh. Sai dai babu masallaci a ƙarƙashinta, ana sayar da barasa a gidajen abincin unguwar, kuma kasancewar girkin na Maroko ne ba shaida ba ce cewa naman yankan Musulunci ne. Game da salla, ku riƙe ƙaramar darduma a jaka, ku tambayi ofishin kula da baƙi da ke kusa da ƙofar kowane fili su nuna muku wurin da babu hayaniya.

Abin farin ciki shi ne Disney World yana barin mutum ya shiga da abincinsa, muddin ba a cikin kwalba yake ba, ba barasa ba ne, kuma ba ya buƙatar a ɗumama. Ana yarda da ƙaramar kula, amma ba a yarda da ƙanƙara a warwatse ba, sai dai a daskarar da gorar ruwa a saka. A Orlando akwai shagunan nama da gidajen abinci na halal, saboda haka iyali za su iya shirya abincin rana tun daga masauki, su bar kuɗinsu ga kayan marmari. Ruwan sanyi a kofi kuma kyauta ne a wuraren sayar da abinci na kanta, tambaya kawai ake yi.

Abincin da wurin ya yi suna da shi

Biyu ne ba a cika barin wurin ba a ɗanɗana su ba. Na farko shi ne Dole Whip, wani abin sanyi mai laushi mai ɗanɗanon abarba da ake sayarwa tun shekarun 1980, kuma sananniyar rumfarsa ita ce Aloha Isle da ke ɓangaren Adventureland na Magic Kingdom. Na abarba zalla babu madara a cikinsa, ana kuma zuba shi a kan ruwan abarba a cikin dogon kofi, wanda a zafin Florida ya fi komai daɗi. A wasu filayen akan sayar da nau'in da aka zuba wa barasa, don haka a faɗi wanda ake so.

Na biyu shi ne cinyar talo-talo da aka yi wa banda, wadda nauyinta ya haura rabin kilo, ana riƙe ta a hannu da takarda ana tafe ana yaga. Ana jiƙa ta a ruwan gishiri kafin a kyafe ta, shi ya sa naman yake fitowa ja-ja, har wasu suke rantsuwa naman alade ne, wasu kuma su ce na wani ƙaton tsuntsu ne. Talo-talo ne, na namiji, shi ya sa take da girma haka. Amma ba a sayar da ita da shaidar halal, kowa sai ya bi abin da ya natsu da shi. Gishirinta kuma yana da yawa, guda ɗaya ta ishi mutum biyu.

Masu tsallakawa zuwa filayen shaƙatawa na wani kamfani dabam mai suna Universal, da ke cikin garin Orlando, za su tarar da Butterbeer a ɓangaren Harry Potter da aka buɗe a 2010. Duk da kalmar "beer", wato giya, da ke cikin sunansa, babu barasa a cikinsa, lemo ne mai zaƙi ƙwarai da kumfar kirim a sama, ana sayar da mai sanyi da daskararre da kuma mai zafi. Bikin Halowin na Universal, wanda ya faro a 1991, an gina shi ne a kan tsoratarwa ta gaske, kuma kamfanin da kansa ba ya ba da shawarar a kai yaran da ba su kai shekara 13 ba. Dokarsu ta shiga da abinci ma ta fi ta Disney tsauri.

Idan kun sayi tikitin daren musamman

Kuɗinsa ya haura dala 100 ga mutum ɗaya, kuma a dararen da aka fi nema yakan kai 200 ko ya wuce, saboda haka sai a ci moriyarsa sosai. Ana barin masu tikitin su shiga tun ƙarfe 4 na yamma, wato awa takwas ke nan a fili, don haka babu dalilin sayen tikitin yini na wannan ranar, gara a huta a masauki da safe. Ku ci abinci mai nauyi kafin ƙarfe 7, domin zama a gidan abinci bayan an fara biki asarar lokaci ne mai tsada. Ana yin faretin sau biyu a dare, kuma na biyun ya fi ƙarancin jama'a, saboda masu ƙananan yara sun riga sun tafi. Lokacin da ake faretin farko layukan kayan wasa suna raguwa, sai a yi amfani da damar.

A daren Halowin ana raba alawa kyauta a wurare da dama, kuma shi ne lokacin da ake barin manya su sa kayan shiga irin na taurarin wasa, abin da aka hana wa duk wanda ya kai shekara 14 a sauran ranaku. Akwai wata jaka mai launin shuɗi-kore da ake bai wa masu larurar abinci, su tara 'yan alamomi a madadin alawa, daga baya su canza su da abin da suka zaɓa da kansu a wani wuri na musamman. Iyayen da ke gudun jelatin za su iya tambaya game da wannan tsari, ko kuma su tace alawar a masauki suna karanta bayan leda. A daren Kirsimeti kuma biskit da shayin cakulan mai zafi ake rabawa, sannan ana feso wata farar kumfa daga saman gine-ginen babban titin shiga, tana saukowa kamar dusar ƙanƙara. Kumfar sabulu ce, a gaya wa yara kada su buɗe baki.

Ga Kiristoci, abin da ya fi jan hankali a ƙarshen shekara yana EPCOT, wato Candlelight Processional, inda wani fitaccen mutum yake karanta labarin haihuwar Yesu tare da babbar ƙungiyar mawaƙa da makaɗa kusan 50. Al'adar ta faro ne a Disneyland ta California a 1958, wadda ake yi a Florida kuma aka mayar da ita EPCOT a 1994. Ana yin sa sau uku a kowane dare a wani dandali da ke gaban unguwar Amurka, kuma yana cikin tikitin yini, sai dai kujeru suna ƙarewa da wuri, don haka ko dai a shiga layi awa guda ko fiye kafin lokaci, ko a sayi abincin da aka haɗa da kujerar da aka keɓe.

Yanayi da cunkoso da ragowar lissafi

Agusta da Satumba watanni ne na zafi mai gumi, ma'auni yakan kai digiri 32 ko 33, kuma kusan kowace yamma sai an yi ruwa da tsawa na ɗan lokaci. Lokacin guguwar teku a wannan yanki yana kamawa daga 1 ga Yuni zuwa 30 ga Nuwamba, kuma guguwar Ian a Satumban 2022 da ta Milton a Oktoban 2024 duk sun sa an rufe filayen. Amma daga mako na biyu na Satumba, bayan yaran Amurka sun koma makaranta, jama'a suna raguwa, farashin otal da na daren Halowin ma yana sauka. Wanda ke son adon Kirsimeti ba tare da turmutsutsu ba ya nemi mako biyu na farkon Disamba, ya guji makon bikin godiya na Amurkawa, wanda ke faɗawa Alhamis ta huɗu a Nuwamba, ya kuma guji kwanakin da ke tsakanin Kirsimeti da sabuwar shekara, waɗanda su ne mafi cunkoso a duk shekara. Dararen Disamba sukan yi sanyi har ƙasa da digiri 10, a tafi da rigar sanyi ko da rana ta yi zafi.

Farashin da ke rubuce a yawancin gidajen abinci bai haɗa da harajin saye ba, wanda yake kashi 6.5 cikin ɗari a mafi yawan wurin. A gidajen abinci na zama ana sa ran tukwicin kashi 18 zuwa 20 cikin ɗari ga mai kawo abinci, kuma idan kun kai mutum shida a tebur ɗaya ana ƙara kashi 18 kai tsaye a kan takardar kuɗi, don haka a duba kafin a sake bayarwa. Yaron da bai kai shekara 3 ba yana shiga kyauta, daga 3 zuwa 9 ana biyan kuɗin yara, wanda ya kai 10 kuma kuɗin babba ake biya masa a tikiti da kuma a gidajen abincin da ake biyan kuɗi bisa kai. Ku sauke manhajar My Disney Experience tun kafin ku bar gida, domin a cikinta ne ake ganin ranakun da za a rufe Magic Kingdom da wuri, ake yin odar abincin kanta ba tare da tsayawa layi ba, kuma ake duba jerin abincin kowane wuri tare da alamar ganyen da ke gabansa.